Tsohuwar Manhaja a Sabuwar Na'ura: Al'adar Gem a Karaye da Rogo

A Turai da Amurka, ɗora tsohuwar manhaja a kan sabuwar kwamfuta sha'awa ce ta masu begen ƙuruciyarsu, amma a garuruwa irin su Karaye da Rogo, da ke yammacin Jihar Kano, larura ce ta haifar da al'adar, domin yawancin na'urorin da ke isa hannun matasa na hannu ne, waɗanda ake sarowa daga Titin Beirut ko kasuwar waya ta Farm Centre a birnin Kano, kuma wutar da ke tafiyar da su sau da yawa ta janareta ce ko ta sola. A irin wannan yanayi manhaja ba ta tsufa a ranar da kamfaninta ya yi watsi da ita, sai ranar da ta kasa biyan buƙata.

Babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya kuma sauran manhajoji ke zama a kanta, tana da wa'adi a wurin masu ita. Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows XP a 2001, ya daina kula da ita a watan Afrilun 2014, ya yi wa Windows 7 haka a Janairun 2020, sannan Windows 10 a Oktoban 2025. Matsalar ita ce sababbin manhajojin ba sa karɓar duk abin da aka gina domin na da: Windows mai tsarin bit 64 ba ta buɗe manhajojin bit 16 na zamanin DOS, haka kuma Windows 10 ta ƙi wasu makullan hana kwafi da ke kan tsofaffin faya-fayan wasanni, sai mutum ya riƙe faifansa na asali amma ya kasa kunna shi.

Hanyoyi biyu aka fi bi wajen warware wannan. Ta farko ita ce gina kwamfuta a cikin kwamfuta, inda manhaja irin VirtualBox ke gutsuro wani sashe na ƙarfin na'ura ta killace shi, a ɗora masa XP kamar na'ura ce mai zaman kanta. Ta biyu ita ce kwaikwayo, inda manhaja ke fassara umarnin wata na'ura dabam zuwa abin da sabuwar ke ganewa, kamar tafinta tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna. Haka DOSBox, wadda ta fito a 2002, ke yi wa wasannin DOS, PCSX2 kuma ke yi wa na PlayStation 2. Fassarar tana cin ƙarfi ƙwarai, shi ya sa laftof mai rauni kan riƙa sarƙewa a tsakiyar wasan da na'urar shekarar 2000 ke gudanarwa ba tare da wahala ba.

Wannan tsada ta ƙarfi ita ta sa kwaikwayon da ya fi samun gindin zama ya kasance na waya. PPSSPP, wadda Henrik Rydgård ya fitar a 2012 domin kwaikwayon na'urar hannu ta PSP, ba ta da nauyi, tana tafiya a kan waya mai araha, kuma ba ta buƙatar data da zarar an sauke wasan. A nan ne al'adar ta haɗu da sana'ar masu turi, waɗanda ke zuba wa jama'a fina-finai da waƙoƙi a waya, da kuma gadon gidajen gem, inda wasan ƙwallon PES na kamfanin Konami ya daɗe yana mulki. Fitowar PES ta ƙarshe a kan PSP da PlayStation 2 ita ce PES 2014, amma masu gyara, waɗanda galibinsu ba a san sunayensu ba, suna buɗe tsohon wasan kowace kaka su sauya 'yan wasa da riguna da ƙungiyoyi, su maƙala masa sabuwar shekara. Saboda haka yaron da ke buga wasan a Rogo yana ganin 'yan ƙwallon bana suna gudu a kan injin da ya haura shekara goma, kuma a wurinsa wasan sabo ne fil. Duk nazarin da ya kira wannan adana tarihi ya kuskure wa lamarin, domin abin da ke gudana ya fi kusa da aikin makanike mai raya tsohuwar mota saboda gobe za ta ɗauki fasinja.

Akwai ɓangaren da ya fi wasa nauyi, wanda kuma ba a cika kula da shi ba. Shagunan buga takardu sun daɗe suna aiki da PageMaker da tsofaffin nau'o'in CorelDRAW, kuma kafin tsarin Unicode ya wadata, haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ ana samar da su ne da zubin haruffa na musamman, irin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira a shekarun 1990. Idan aka buɗe irin waɗannan takardu a sabuwar kwamfuta da ba ta da zubin, sai wasu alamomi su maye gurbin haruffan, rubutun ya dagule. Wasannin Japan da Amurka suna da dubban masu adana su a duniya, amma kundin ɗalibi ko littafin marubucin Hausa da ke kwance a tsohon faifai ba shi da mai ceto sai wanda ya iya tayar da tsohuwar manhajar.

Haɗarin da ke tattare da hakan ba ƙarami ba ne, tun da manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka buɗaɗɗiyar ƙofa ce ga ƙwayoyin cutar kwamfuta, kamar yadda harin WannaCry na Mayun 2017 ya tilasta wa Microsoft fitar da gyaran gaggawa ga XP bayan shekara uku da sallamarta. Inda filashi ɗaya ke yawo daga shago zuwa shago, killace XP a cikin VirtualBox tare da yanke ta daga intanet ya fi ɗora ta kai tsaye aminci, sai dai hakan na buƙatar ma'adanar aiki mai yalwa, wadda ita ce abin da kwamfutocin hannu masu araha suka fi ƙaranci a kai.