Marini da kiwon da ido ba ya gani

A labarin Hausa Bakwai, da aka raba wa 'ya'yan Bawo sana'a, Katsina da Daura suka sami kasuwa, Gobir ta sami yaƙi, Kano da Rano kuwa aka kira su sarakunan baba. Duk ɗan ƙasar Rano, na Kibiya ne ko na Kahu, ya gaji wannan kirari ko bai taɓa leƙa karofi ba. Kirarin bai zo a banza ba. A ƙarni na 19 kudancin Kano cike yake da marina, kuma da Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 ya tarar rinannen tufafinta na kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus.

Wahalar rini daga shunin kansa take farawa: ba ya narkewa a ruwa. Ka daka shi, ka dama, ka tsoma farin ƙyalle, da an ɗauraye sai ya zube. Kafin zare ya karɓe shi dole a sauya masa hali ya koma wani sinadari mai ruwan ɗorawa-ɗorawa da ke narkewa a ruwa mai kaifin toka. A karofin gargajiya ƙwayoyin bakteriya ne ke yin wannan aiki. Suna cin ragowar ganyen baba, su cinye iskar oksijin da ke ruwan, sannan su miƙa wa shuni lantarkin da ke sa shi narkewa. Ashe marini makiyayi ne, dabbobinsa ne kawai ido ba ya gani.

Kiwon kuwa mai tsauri ne. Karofi rami ne mai zurfi, bakinsa ƙunci, an shafe cikinsa da laso don kada ya yi yoyo. Zurfin yana riƙe ɗumi dare da rana, ƙuncin bakin yana rage wurin da iska za ta taɓa ruwan. A zuba ruwa da baba da toka da katsi, a rufe da murfin saƙa, a bar shi kwanaki ya tsimu. Tokar ce ke ba ruwan kaifin da masana ke aunawa da ma'aunin pH, kuma babban karofi yana son wajen 10 zuwa 11. In kaifin ya yi ƙasa, ƙwayoyin ruɓa su mamaye, ruwan ya yi ɗoyi ya lalace. In ya yi yawa, ƙwayoyin da ke aikin su sume. Marini ba shi da mita a hannu, amma yana murza ruwan tsakanin yatsu ya ji santsinsa, ya shinshina, ya dubi kumfar da ta taso mai ƙyallin jan ƙarfe, ya san ko toka za a ƙara ko baba, ko kuwa haƙuri kawai ake bukata. Motsawa ma da ƙa'idarta: a tayar da abin da ya kwanta a ƙasa, amma kada a buga ruwan har iska ta shige shi. Lokacin hunturu aikin yana jan ƙafa, da bazara yana sauri, kuma gwani yana sauya hannunsa daidai da haka.

Wannan dai shi ne abin da mai bincike ke yi a ɗakin gwaji in ya ce yana neman mafi kyawun yanayin tsimi. Yana juya zafi da kaifi da abinci da iska, har ya gano haɗin da ya fi ba da amfani. Tun 1951 Box da Wilson suka fito da lissafin da ke ba shi damar juya abubuwa da yawa a lokaci guda da gwaji kaɗan. Marini ya isa wurin ta doguwar hanya, ta bakin uba da kaka da asarar karofin da ya mutu. Sai a ƙarshen shekarun 1990 masana a Ingila suka ware wata ƙwaya mai narkar da shuni suka sa mata suna Clostridium isatidis, daga baya 'yan Japan suka gano wasu masu son kaifi irin su Alkalibacterium a tukwanen rininsu.

Wurin da ya fi burge ni shi ne tsomawa. Ƙyalle yana fitowa daga karofi kore-kore, yana shan iska sai ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonka, domin oksijin ya mayar da shunin halinsa na farko, ya maƙale cikin zare ba fita. Marini ya san cewa barin ƙyalle ya daɗe a ruwa ba ya sa shi ƙara duhu yadda ake so. Sai ya tsoma, ya matse, ya baza, ya sake tsomawa, sau da yawa, har shuɗi ya doshi baƙi. Dalilin yana cikin ilimin mannewar sinadari a jikin abu. Irving Langmuir ya bayyana a 1918 cewa gurbin da ke jikin abu ƙidayayye ne, kamar kujerun motar haya: da farko fasinja na shiga da sauri, in ta cika ko tasha ta maƙare da mutane ba mai ƙara samun wuri. Kafin shi Herbert Freundlich ya kawo lissafin da ya dace da jikin da gurabunsa ba su yi daidai da juna ba. Kowace tsomawa tana da iyakar abin da za ta ɗora. Shan iska yana kulle wanda ya shiga, tsomawa ta gaba ta ɗora sabo. Rawanin ɗan Kura da Buzaye ke ji da shi daga wannan haƙuri ya fito, kafin mabuga su ƙara masa shuni su buge shi ya yi walƙiya.

Yau ɗaliban kimiyyar sinadarai a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna amfani da lissafin Langmuir da Freundlich ta ɗaya fuskar. Suna ƙona ɓuntun shinkafa ko ƙwallon aduwa su yi gawayi mai ƙofofi, su auna yawan launin da giram ɗaya zai tsotse daga gurɓataccen ruwa irin wanda masana'antun Sharaɗa da Chalawa ke zubarwa. Marini yana so launi ya kama ƙyalle, su suna so ya kama gawayi ya bar ruwa.

Tun da kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, aka kuma samo sinadarin haidiros mai narkar da shi cikin mintuna, karofi ya yi ta ja da baya. Amma haidiros yana barin guba a ruwan da aka zubar, shi ya sa masu bincike a Turai da Asiya suka koma neman ƙwayoyin da za su maye gurbinsa. Irin waɗannan ƙwayoyi na nan da rai a Ƙofar Mata ta Kano, marinar da ake cewa an kafa tun 1498. Ina fatan ganin ɗalibi ɗan Rano ko Kibiya ya zauna gaban tsohon marini da mita da littafi, duk lokacin da dattijon ya murza ruwa ya ce a ƙara toka, shi kuma ya auna ya rubuta lambar da ya gani.