Ina Sauran Labarin Yunusa? Nazari kan Littattafan Kirista na Ƙananan Yara

Duk wanda ya ɗauki littafin labaran Littafi Mai Tsarki na yara, yana so ya san ko ya cancanci kuɗinsa, ga shawarata: kada ya tsaya sha'awar bango. Ya buɗe wurin labarin Yunusa, ya duba inda marubucin ya ajiye alƙalami. A yawancin waɗanda na duba, na Turanci da na Faransanci, zancen ɗaya ne. Allah ya aiki Yunusa, ya gudu, hadari ya taso a teku, kifi ya haɗiye shi, ya yi addu'a, kifi ya amayar da shi, ya je Nineba, mutane suka tuba. Sai a rufe da darasi cewa yaro ya riƙa yin biyayya, in ba haka ba ya ga abin da ya sami Yunusa.

Alhali tsugune ba ta ƙare ba. Littafin Yunusa sura 4 ne, aya 48, kuma kifin nan da ya cika bangon littattafai ayoyi uku kacal suka ambace shi. Sura ta huɗu, wadda ake yawan yankewa, ita ke ɗauke da dalilin labarin. A cikinta Yunusa ya yi fushi don Allah ya yafe wa mutanen Nineba, har ya faɗi da bakinsa cewa abin da ya sa ya gudu tun farko ke nan: ya san Allah mai jinƙai ne, shi kuwa ba ya son jinƙan nan ya kai ga abokan gaban al'ummarsa. Ya fita bayan gari ya zauna yana jiran ya ga ko birnin zai halaka. Wani tsiro ya fito ya yi masa inuwa, ya ji daɗi. Washegari tsutsa ta cinye tsiron, rana ta buge shi, ya ce gara ya mutu. Daga nan Allah ya tambaye shi: in shi yana jin zafin tsiron da bai shuka ba, yaya Allah ba zai ji tausayin birni mai mutum fiye da 120,000 ba, ga kuma dabbobi masu yawa? A kan wannan tambayar littafin ya ƙare. Ba a gaya mana amsar da Yunusa ya bayar ba.

Marubucin da ya tsaya a bakin teku ya bar jaki yana dukan taiki. Labarin da aka rubuta don a tona ƙiyayyar da ke ɓoye a zuciyar mai addini ya koma bulalar tsoratar da yaro mai ƙin aike.

Na san hujjar masu yankewa, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa ɗan shekara huɗu ba ya iya riƙe dogon labari, kuma nuna masa annabi yana fushi da Allah zai rikita shi. Batun tsawo na yarda da shi. Littafin The Beginner's Bible, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1989 da rubutun Karyn Henley da zanen Dennas Davis, ya yi suna ne saboda ya fahimci haka: labarai fiye da 90, kowanne gajere, jimloli 'yan ƙanana waɗanda yaro mai koyon karatu zai iya bi da yatsa. Wannan aiki ne na gaske. Amma batun rikicewa ban yarda da shi ba. Wane ne ya fi ɗan shekara huɗu sanin fushin nan na Yunusa? Ku raba alewa a gida, ku ba wanda ya yi laifi ɗazu rabo daidai da na sauran, ku ga yadda 'yan uwansa za su kumbura baki. Yaro ya san zafin ganin an yafe wa wanda yake so a daka. Sura ta huɗu ita ce mafi kusa da rayuwarsa a duk littafin. Akwai ma abin dariya a ciki, domin a sura ta uku har dabbobin Nineba aka sa wa tufafin makoki, ga kuma babban mutum yana neman mutuwa saboda ganye ya bushe.

Zanen ma yana da nasa laifin. A irin waɗannan littattafai kowa murmushi yake yi. Kifi na murmushi, zakunan ramin Daniyel na murmushi, jirgin Nuhu ya zama kamar kwale-kwalen wasa, raƙumin dawa ya leƙo da kai ta taga. Wanda ya tashi da tatsuniya ya san yaranmu ba su da wannan raunin da ake tsoro. Da dare ake ba su labarin Dodo mai haɗiye mutane, su ƙanƙame juna, gobe su ce a sake. Sai dai tatsuniya tana da gaskiyarta: mai bayarwa yakan rufe da ƙurunƙus, kowa ya san Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa zama a wani gari ba. Iyayen da ke karanta wa yaro labarin Nuhu kuwa suna so ya ɗauke shi da nauyin imani. Idan hoton ya yi kama da wasan yara fiye da tatsuniyar kaka, a wane kwando yaron zai ajiye labarin? Ranar da ya girma ya ajiye Gizo, ina tsoron ya haɗa da Nuhu.

Shi ya sa nake girmama Noah's Ark na Peter Spier, ɗan asalin Holan da ya zauna a Amurka. Littafin ya fito a 1977, ya ci lambar Caldecott a 1978, kuma in ban da wata tsohuwar waƙar mutanen Holan a farkonsa, kusan babu rubutu a ciki. Spier ya zana wahalar zaman jirgi, ciyar da dabbobi da kwashe kashinsu. Ya kuma zana abin da sauran suke gudu: dabbobin da aka bari a waje, suna tsaye, ruwa yana hawa. Babu jini, babu abin firgita. Amma yaron da ya kalli shafin zai yi shiru, sannan ya tambaya me ya sa aka bar su. Wannan tambayar ita ce ƙofar duk wata magana ta gaske a kan hukunci da jinƙai. Ga gidajenmu kuma littafin yana da wata fa'ida: tunda hoto ne ke magana, uwa a Maraɗi ko Dogon Dutsi da ba ta jin Turanci za ta iya ba da labarin da Hausarta, ba ta jira mai fassara ba.

A cikin masu rubutu kuwa, wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne The Jesus Storybook Bible na Sally Lloyd-Jones, wadda aka haifa a Kampala ta Yuganda, da zanen Jago. Ya fito a 2007, da labarai 44. Tun a gabatarwa marubuciyar ta ƙi ɗaukar Littafi Mai Tsarki a matsayin kundin dokoki ko jerin jarumai da za a kwaikwaya. A wurinta labari ɗaya ne dogo, na Allah da ke neman mutanensa, kuma kowane ƙaramin labari yana nuni ga Yesu. Wannan ya ba ta damar zaɓen abin da wasu ke tsallakewa. Ta ba Lai'atu babi guda, matar Yakubu da ba a so. Ta ba da labarin yarinyar nan baiwa da ta nuna wa Na'aman, jarumin Suriya mai kuturta, inda zai sami waraka. Yarinyar da ake kira mummuna a tsakar gida, ko wadda aka kai aikatau gidan wasu, za ta ga kanta a waɗannan shafuka. Harshenta kuma na karantawa da baki ne, yana da kari da maimaici irin wanda yara ke kamawa.

Duk da haka ina da ƙorafi biyu a kansa. Na farko, hanyar rufe labaran Tsohon Alkawari da nuni ga Almasihu tana maimaituwa har yaro mai wayo ya haddace ta, ya daina jiran abin da zai faru. Na biyu ya koma kan Yunusa. Lloyd-Jones ta yi abin yabo, domin tun farkon labarin ta bayyana cewa mutanen Nineba maƙiya ne kuma Yunusa ba ya son zuwa wurinsu. Amma da suka tuba, sai ta wuce kai tsaye zuwa kwatanta kwana ukun Yunusa a cikin duhu da na Yesu. Kwatancin yana da tushe, don yana cikin Bisharar Matiyu sura ta 12. Sai dai ya ci wurin fushin Yunusa da tambayar ƙarshe. Yaro ya tashi da sanin cewa Allah yana ƙaunarsa, wanda abu ne mai kyau. Abin da ba a bar shi ya ɗanɗana ba shi ne ɗacin gane cewa Allah yana ƙaunar wanda shi ba ya so.

Akwai kuma rukunin littattafan da ba na Littafi Mai Tsarki ba ne, amma iyaye Kirista suna sakin jiki da su don sun dace da imaninsu. Shugabansu shi ne jerin Narnia na C. S. Lewis, wanda ya fara da The Lion, the Witch and the Wardrobe a 1950. Ƙarfinsa shi ne bai yi wa'azi ba. Yaro Edmund ya ci amanar 'yan uwansa saboda kwaɗayin alewa, zaki Aslan ya ba da ransa a madadinsa, mai sauraro ya ji nauyin fansa a ƙirjinsa tun kafin ya san sunanta. Amma wanda zai karanta wa yaranmu The Horse and His Boy na 1954 ya buɗe ido. Mutanen Calormen, waɗanda yawancinsu ke ɗauke da mugunta a labarin, masu duhun fata ne, masu rawani, masu lanƙwasasshen takobi, mazauna bayan hamada. Gaskiya ne Lewis ya fitar da mutanen kirki daga cikinsu, kamar yarinya Aravis. Amma ɗan Ingila na wancan zamani yana karanta wannan ne a matsayin wata ƙasa mai nisa. Yaron Damagaram kuwa, mai rawanin nan kakansa ne, ko maƙwabcin da ke aiko musu da naman layya. Littafi yana iya dacewa da aƙidar gida, ya kuma ɓata wa yaro fuskar maƙwabci.

A nan ne maganar ta daina zama ta adabi kawai. A Nijar Kirista 'yan tsiraru ne, kuma dangi ɗaya yakan haɗa mai zuwa majami'a da mai zuwa masallaci. A watan Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a tarzomar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo. Yaran da suka ga hayaƙin nan sun zama samari da 'yan mata yanzu, ƙannensu kuma suna jin labarin. Yaron da ke da Ninebarsa a zuciya, wane Yunusa ya kamata a karanta masa? Wanda aka koya masa biyayya da tsoron kifi zai iya girma yana zuwa sujada kowace Lahadi, yana kuma zaune a bayan gari yana jiran wuta ta sauko wa wasu. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sura ta huɗu an rubuta ta ne don mai tsaye a kan tudun.

Abin sha'awa, abokin wasansa Musulmi ya san wannan annabi. Akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan Yunus, kuma Suratus Saffat ta ambaci tsiron da aka fitar masa bayan an jefo shi gaɓa, da mutane dubu ɗari ko fiye da aka aike shi gare su. Riwayoyin biyu sun bambanta a tsari da ma'ana, kuma bai kamata a ruɗi yara cewa ɗaya ne ba. Amma abin kunya ne a ce yaron makarantar allo ya san akwai tsiro a labarin, na makarantar Lahadi bai taɓa ji ba, alhali yana cikin littafinsa.

Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, an kuma sake fassara shi bayan haka. Littafin Yunusa duka bai wuce karatun minti goma ba. Don haka ga abin da nake roƙon iyaye da malaman makarantar Lahadi: ku yi amfani da littattafan hotunan nan, suna da amfaninsu, amma idan shafi ya ƙare a tuban Nineba, ku ce wa yaro da saura. Ku buɗe babban littafin ku karanta masa ayoyi goma sha ɗayan nan na ƙarshe, ku tsaya inda suka tsaya, kada ku yi saurin ba shi amsa.

Ga marubutanmu da masu zane kuma, filin nan a buɗe yake. Muna da zafin rana irin wanda ya bugi Yunusa, mun san darajar inuwar rumfa a watan bazara, mun san yadda kabewa ke yaɗo a kan danga da yadda tsutsa ke kashe ta dare ɗaya. Babu wanda ya fi mu kayan zana sura ta huɗu. Wanda zai rubuta wa yaran Hausa wannan labari, ina roƙonsa ya rage girman kifin, ya ba mutumin da ke fushi a ƙarƙashin busasshen ganye shafi biyu cikakku, sannan ya bar tambayar Allah ita kaɗai a shafin ƙarshe.