Wa ake nufi da "mu" a littafin Le Contrat naturel na Michel Serres?

A shekarar 1990 ne Michel Serres (1930-2019) ya wallafa Le Contrat naturel. Ya buɗe littafin da wani zanen Goya: mutum biyu na dukan juna da kulake, alhali taɓo na haɗiye ƙafafunsu. Manufarsa ita ce, yarjejeniyar zaman jama'a, irin wadda Rousseau ya bayyana a 1762, ta ɗaure mutum da mutum kawai, ta mance da ƙasar da ake faɗan a kanta. Tun da fasaha ta ba ɗan Adam ikon jirkita duniya dukanta, Serres na ganin wajibi ne a ƙulla sabuwar yarjejeniya da za ta ba halitta haƙƙi. Wannan hange ne mai nisa, domin sai a shekarar 2000 Paul Crutzen ya yaɗa kalmar "Anturofosin", wato zamanin da aikin mutum ya zama ƙarfin da ke sāke duniya.

Sai dai muna da ja a kan wakilin suna. Faransanci, kamar Hausa, "mu" guda gare shi. Fulatanci kuwa ya rarrabe "enen", wanda ya haɗa da mai sauraro, da "minen", wanda ya ware shi. Da za a fassara littafin zuwa Fulatanci, tilas mai fassara ya zaɓi ɗaya a kowace jimla. Serres bai fuskanci wannan tilas ba, don haka ya tara mai masana'anta da mai hauya a inuwar laifi guda.

Christophe Bonneuil da Jean-Baptiste Fressoz sun cike giɓin a L'Événement Anthropocène (2013), inda suka nuna cewa ƙasashe ƙalilan, Ingila da Amurka a kan gaba, su ne suka fi ƙona gawayin ƙasa da man fetur. Misali na kusa shi ne Arlit: daga 1971 aka fara haƙar uraniyom da ya shekara da shekaru yana haskaka biranen Faransa, tarin sharar ma'adinin kuma ya zauna inda aka tono shi.

A ganinmu, darajar littafin tana nan daram. Amma yarjejeniya ba ta ƙulluwa sai an ambaci mai bashi da wanda ake bi. Aikin da ya rage ga mai karatu shi ne, duk inda marubucin ya ce "mu", ya tsaya ya tambaya: su wa?