Ƙoƙon Kai A Kan Tebur

Mai karatu, ka yi mini afuwa, wannan watan ba fim zan feɗe ba. Wani zane ne ya tsaya mini a rai, kuma ina ganin masu shirya finafinanmu na da abin ɗauka a cikinsa.

A ƙarni na 17 masu zane a ƙasar Holan da maƙwabtanta sun ƙware wajen zana kayan gida har ido ya rantse na gaske ne. Wani Cornelis Gijsbrechts, wajen 1670, ya zana bayan allon zane, da katakonsa da ƙusoshi da 'yar takarda mai lamba 36, ta yadda duk wanda ya gani zai kai hannu ya juya shi. Yana nan a Kopenhagen. Gwaninta ce, ba musu, amma da zarar ka gane dabarar, ka yi dariya, shi ke nan magana ta ƙare.

Wanda ya fi kama ni shi ne na Harmen Steenwyck, mutumin Delft, wanda ya zana wajen 1640, yanzu kuma yana National Gallery a Landan. Ɗan ƙarami ne, faɗinsa bai wuce rabin mita da kaɗan ba. Tebur ne kawai da tarkace a kai: littattafai, sarewa, wata irin algaita, tulu, agogon aljihu, katantanwar teku, takobin Japan, da fitila irin aci-balbal wadda ta mutu yanzu-yanzu, siririn hayaƙinta na tashi. A tsakiya ƙoƙon kan mutum, haske ya sauko daga sama ta hagu ya nufo shi.

Babu mutum a zanen, amma kowane abu na magana. Littattafai ilimi ne, kayan busa jin daɗi, takobi mulki. Katantanwar nan daga tekun nesa aka kawo ta, sai mai hannu da shuni ke ajiye irinta, a zamanin da jiragen fataken Holan ke kaiwa har Japan. Agogo na ƙirga, fitila ta mutu, ƙoƙon kai ya rufe zancen. Kusan rabin allon kuwa bango ne fayau, kuma wallahi wannan filin da ya bari ya fi ba ni tsoro.

Sai dai ina da ƙorafi. Steenwyck ya goge takobin nan da katantanwar har sai da ya sa ni kwaɗayinsu, sannan ya ce mini duk banza ne. Kuma wa zai sayi zanen? Mai kuɗin da ake wa wa'azin, ya rataye a ɗakinsa cikin sauran dukiyarsa. Wa'azin ma ya zama kayan ado.

Duk da haka, kwatanta shi da falon Alhaji a yawancin finafinanmu: manyan kujeru, furen roba, filas a kan tebur, duk an jibge su don a ce akwai kuɗi, ba su ƙara wa labarin komai ba. Alhali mu ba baƙin wannan harshe ba ne. Duk wadda ta shiga ɗakin amarya ta dubi jere, ta san gidan da yarinyar ta fito ba tare da an ce uffan ba. Darakta zai iya nuna mana mutuwar aure da gurbin kwalla ɗaya da aka cire aka sayar, maimakon minti goma na kuka da waƙa.