Ruwan sigarin lantarki ba tsimi ba ne

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tsimi. A zuba saiwa da sassaƙe a tulu, a rufe, a bar su kwanaki, ruwan ya yi ja, sai a ce ya tsumu. Ina jin wannan ne ya sa wata shawara da masu zuƙar sigarin lantarki ke ba juna take shiga kunne ba gardama. Wai in ka haɗa ruwan da kanka, ko ka sayo sabo, kada ka yi amfani da shi nan take. Ka ajiye shi a wuri mai duhu mako biyu zuwa huɗu, kullum ka girgiza, ka buɗe murfin ya sha iska, in kana sauri ka tsoma kwalbar a ruwan ɗumi. Da launinsa ya koma kamar zuma, shi ke nan, ya nuna. Daga Turai da Amurka dabarar ta taso, amma bidiyon da saurayi ke kallo a Landan shi ne na Wara da na Yelwa ke kallo, kuma babu wanda ya gaya masa cewa ɗakin mai bidiyon ba irin nasa ba ne.

Bari mu ba masu wannan shawara haƙƙinsu tukuna. In ka ce musu ƙwayoyin cuta za su shiga, amsarsu a shirye take: ruwan ba ya ruɓewa. Akwai gaskiya a ciki. Mafi yawansa sinadarai biyu ne, furofilin gilaikol da gilisarin, sai ɗan nikotin da kayan ƙamshi. Sinadaran nan biyu suna riƙe ruwa ƙam, su hana ƙwayar cuta samun danshin da za ta hayayyafa, kamar yadda zuma ke yi. Don haka da wuya ka ga kwalba ta yi funfuna kamar kunun da ya kwana uku.

To amma a nan suka tsaya, kuma nan ne aikin ya fara. Ƙwayar cuta ba sai tana da rai take cutarwa ba. A ɓawon wasu bakteriya akwai wata guba da ake kira endotoksin, a jikin funfuna kuma akwai gulukan, kuma dukansu suna nan daram bayan ƙwayar ta mutu. Endotoksin ta yi suna wajen sa kumburin hanyoyin numfashi da tayar da asma ga ma'aikatan masaƙun auduga da rumbunan hatsi. Taurin kanta kuwa ba a magana: a ɗakin gwaji, kafin a raba kwalba da ita sai an gasa ta a maki 250 na ma'aunin zafi har rabin awa. Tafasa ruwa ba ya taɓa ta. A 2019 masu bincike a Jami'ar Harvard suka gwada kayan sigarin lantarki 75 da ake sayarwa a Amurka, suka sami endotoksin a 17, gulukan a 61. Ruwan suka auna, ba tururin ba, wannan gaskiya ne. Amma ka lura, kayan kamfani ne, a rufe suka fito. Yanzu kwatanta su da kwalbar da aka ɗauraye da ruwan rijiya ko na tafkin Kainji, aka kife ta a kan taga, aka cika ta da sirinjin da ya zaga hannu biyar.

Sai maganar shan iska, wadda ita ce ta fi ba ni mamaki. Wace iska? Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar Yawuri da Shanga ƙurar hunturu ce, mai ɗauke da ƙwayoyin funfuna da duk abin da ta kwaso a hanya. Da damina kuma, a bakin tafki, iskar cike take da danshi, gilisarin kuwa aikinsa ke nan ya zuƙe danshi, wato kariyar da ake tinƙaho da ita ita ake ragewa duk lokacin da aka bar murfi a buɗe. A garuruwan haƙar zinare na Ngaski akwai ƙari a kan haka, ƙurar niƙan dutse. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400, ya isa ya nuna abin da irin wannan ƙura za ta iya ɗaukowa.

Ko da an ce tsafta ta kai ta ɗakin tiyata, akwai abin da ke faruwa a cikin kwalbar wanda wanki ba ya hanawa. Canjin launin nan da ake murna da shi, galibi nikotin ne ke haɗuwa da iskar oksijin yana lalacewa, kamar yadda yankakken dankali ke yin baƙi. A 2018 masu bincike daga jami'o'in Yale da Duke suka nuna cewa kayan ƙamshi irin na banila da kirfa da lemo suna haɗuwa da furofilin gilaikol tun a cikin kwalba, su haifar da sababbin sinadarai da ake kira asital. A gwajinsu fiye da kashi 40 cikin ɗari na ƙamshin ya rikiɗe haka, kuma rabi zuwa kashi 80 na asital ɗin ya bi tururi ya fito. Sun ga yana tsokanar jijiyoyin da ke sa ƙaiƙayin maƙogwaro da tari. Ma'ana, abin da kake zuƙa bayan mako uku ba shi ne ka zuba ba, kuma babu sunansa a jikin kowace kwalba. Zafi kuma yana ƙara wa lamarin gudu. Ƙa'idar da ɗaliban kimiyyar sinadarai ke riƙewa ita ce, duk ƙarin maki 10 kusan ninka saurin haɗuwa yake yi. Mai bidiyo a ɗaki mai maki 20 yake magana. A Yelwa, cikin Maris da Afrilu, zafi kan haura 40, ɗakin kwano kuwa sai wanda ya kwana a ciki. Mako biyunsa ya kusa wata biyunka.

Babban kuskuren kwatanta shi da tsimi shi ne hanyar da yake bi. Tsimi ciki yake zuwa. Ciki yana da ruwan tsami mai kashe ƙwayoyi, hanta na tacewa, in abu ya yi tsanani a yi amai. Huhu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Fata ce siririya mai faɗin kusan murabba'in mita 70, bayanta jini ne kai tsaye. Shi ya sa "ai ana ci" ba hujja ba ce. Sinadarin bitamin E asitet ana shafa shi, ana haɗiye shi, lafiya lau. Da aka cakuɗa shi a ruwan wiwi na zuƙa da ake haɗawa a bayan fage a Amurka, zuwa Fabrairun 2020 hukumar CDC ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar da ciwon huhu, 68 suka rasu. Duk wanda ya ɗauko ƙamshin kek na kasuwa mai maiƙo, ko ya ɗiga turare don ya ƙara armashi, a wannan layin ya tsaya, domin huhu ba ya iya fitar da mai.

Akwai kuma tambayar da babu bidiyon da zai yi maka ita, don su can ba matsalarsu ba ce sosai: ina ka samo furofilin gilaikol ɗin? Mu a Najeriya mun san wannan suna da baƙin tarihi. A 1990 yara 47 suka mutu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da dayetilin gilaikol a maimakonsa. A 2008 maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe aƙalla 84, kuma asibitin koyarwa na Zariya na cikin waɗanda suka karɓi yaran. A 2022 aka sake gani a Gambiya, yara kusan 70. Dayetilin gilaikol yana kama da na gaskiyan a ido, yana da zaƙi-zaƙi kamarsa, ya fi shi araha, kuma ƙoda yake kashewa. Waɗancan shansa aka yi, ba zuƙa ba, amma abin lura shi ne kamfanonin magani ma an sayar musu da shi ba su gane ba. Ina ga wanda ya sayi awo a jarka marar takarda wajen mai kayan haɗa sabulu? Ajiya ta shekara ba za ta mai da shi furofilin ba.

Ga kuma inda ake ajiyar. A wajenmu saurayi ba ya son Baba ya gani, don haka "wuri mai duhu" ƙarƙashin gado ne, ko bayan buhu, ko cikin tsohon takalmi. Kwalbar kuma wadda aka samu ce: ta maganin tari, ta turare, robar zoɓo. A yankin da kwalaben maganin ƙwari ke yawo a gidajen manoma da masu busar da kifi, ba kowace kwalba wanki ke tsarkakewa ba. Babu rubutu, babu murfin da ke gagarar yaro, ga ƙamshin mangwaro ko alewa yana tashi, a gidan da yara ke shiga kowane ɗaki. Dokar Tarayyar Turai ta kayyade nikotin a miligiram 20 cikin kowace mililita, kwalba kuma kada ta wuce mililita 10. Ko a wannan iyaka, 'yar kwalba ɗaya miligiram 200 ke nan, alhali karan sigari guda abin da yake kai wa jini bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. A 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya rasu a jihar New York bayan ya sha ruwan nikotin a gida. Masu haɗawa da kansu kuwa nikotin mai kauri suke saye, wanda ya ninka wancan, kuma yana ratsa fata in ya zube a hannu.

In har ta faru yaro ya sha, alamun farko su ne amai, dalalar yawu, gumi da bugun zuciya da sauri, kuma suna iya bayyana cikin mintoci. Daga baya jiki ya saki, numfashi ya yi rauni. Kada a tsaya ba shi manja ko madara kamar yadda aka saba, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. In ya zube masa a jiki a cire rigar a wanke da ruwa da sabulu. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, a tafi da kwalbar, kuma mai ita ya bi su ya faɗa wa likita abin da ya zuba a ciki.