Jinjina ga Masu Tura Waƙa na Illela

Shakira 'yar Kolambiya ta yi fice a duniya a 2001 da "Whenever, Wherever", bayanta da babban kamfanin faifai da tashoshin talabijin. Mawaƙin Hausa kuwa, cikin manyan gatansa akwai masu tura waƙa a waya, irin na kasuwar Illela.

Jarinsu tebur ne da kwamfuta da 'yar lasifika, sai igiyoyin caji birjik. Ɗan kabu-kabu ya miƙo memori, a goge masa ƙura, a tambaye shi: ta soyayya ko ta biki? Bafatake daga Birnin Ƙonni ya biya da sefa, ya tsallaka iyaka da waƙoƙi cike da aljihu, babu kuɗin fito.

Da "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta tashi a 2020, lokacin kullen korona, a intanet ta yi tashe. Amma wanda ba shi da data fa? Nan ne aikin masu tura waƙa yake: su sauko da sabuwar waƙa sau ɗaya, su raba wa jama'a, har makiyayi a ruga ya samu.

Sunansu ba ya fitowa a faifai, ba a kiransu bikin karramawa. Sannunku da aiki, Allah ya ƙara kasuwa.