Motoho: Kunun Dawar da Ya Riƙe Mutanen Lesoto

Masu rubutun yawon buɗe ido da ke zuwa Lesoto sukan cika shafi da yabon duwatsu, da dawakai, da bargon da Basoto ke yafawa, amma da an zo kan abinci sai su taƙaita: wai tuwon masara ne da ganye, babu wani abin a zo a gani. Wannan hukunci ne na wanda ya tsaya a ɗakin cin abincin otal a Maseru. Papa da moroho, wato tuwon masarar da dafaffen ganyen, su ne abincin yau da kullum, babu musu. Gwanintar girkin Basoto kuwa tana cikin tukunyar dawa.

Yanayin ƙasar ne ya tsara girkinta. Afirka ta Kudu ta kewaye Lesoto ta ko'ina, kuma wurin da ya fi kwari a cikin Lesoto ma yana da tsayin kusan mita 1,400 daga teku, yayin da ƙololuwar dutsen Tabana Ntlenyana ta kai mita 3,482. Daga Yuni zuwa Agusta dusar ƙanƙara na rufe tuddai. A 1824 Sarki Moshweshwe na Farko ya tattara jama'arsa a kan dutsen Taba Bosiu. Bayan yaƙe-yaƙe da Turawan Bowa, Ingila ta karɓi ƙasar a 1868, yarjejeniyar 1869 kuma ta bar filayen noma masu albarka na yammacin kogin Mohokare a hannun Bowa. Abin da ya rage wa Basoto mafi yawansa dutse ne, wurin noma kaɗan, damina ɗaya, sanyi mai tsawo. Wanda ke zaune a irin wannan wuri dole ya koyi sa hatsi ya daɗe.

A nan motoho ya shigo. Matar gida za ta dama garin jar dawa da ruwan ɗumi, ta zuba masa tomoso, ragowar tsamin da ta ajiye daga damun baya, ta rufe. Babu agogon da ke yanke lokacin sauke shi. Da zafi kwana ɗaya ya isa, da sanyi kuwa sai ya kwana biyu ko uku, kuma hancinta da harshenta ne ke faɗa mata ya kai. Idan ta yi gaggawa, kunun zai fito salam. Idan ta yi jinkiri, tsamin zai danne ɗanɗanon dawar.

Mataki na gaba shi ne ya fi nuna hannu. Ba a juye damun gaba ɗaya a wuta. Ruwan da ya taso sama shi ake fara tsiyayewa a tafasa, sannan a riƙa zuba kaurin da ya kwanta ƙasa sannu a hankali ana juyawa, har ya nuna ba tare da gudaji ba. Duk Bahaushiyar da ta taɓa dama koko da ruwan tsamin gasara za ta gane hikimar nan take. Idan ya huce ana shan sa da sanyinsa, kuma tsamin nan shi ke hana shi lalacewa da wuri a ƙauyen da ba firji. Shi ya sa ake kai shi gona, ake tarar baƙo da shi, ake dama shi a taron biki da na makoki.

Sauran abincin ma a kan wannan tunani aka gina su. Lipabi soyayyar masara ce da ake niƙawa a sa gishiri da sukari, guzurin matafiya da makiyayan da ke yin watanni a rugagen kan dutse. Likhobe dafaffen hatsi ne tsaba-tsaba, sau da yawa da wake. Nyekoe kuwa dawa ce da wake, wani lokaci har da kabewa.

Masu ɗaukar papa a matsayin tushen abincin Basoto sun manta cewa masara baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, dawa kuwa 'yar gida ce a Afirka. Masara ta samu gindin zama ne saboda sauƙinta: bawonta na kare ta daga tsuntsaye, alhali dawa sai an tsaya ana korar su. Da maza suka kwarara zuwa mahaƙar zinariya ta Afirka ta Kudu, hannun aiki ya ragu a gona, garin masara na kanti kuma ya zama abin da kuɗin ma'adinai ke saya. Amma dawa ta fi masara jure fari, fari kuwa yana yawan gasa manoman Lesoto, har ƙasar na dogara ga hatsin da ake shigowa da shi daga maƙwabciyarta. Yau ana sayar da motoho cikin robobi a kantunan Maseru, kuma kowace roba na buƙatar manomin da ya shuka dawa da mai damun da ta san lokacin da tsami ya kai.